Yau Ma Teema Ba Ta Gani Ba

Litinin, 7 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Alhamdulillahi, 'yata Teema ba ta gani ba. Ta kira ni ina cikin bas ina dawowa daga aiki, ina ganin sunanta a waya na kasa ɗauka sai da ta sake kira. Ashe yajin daddawa take so. Wai ɗan cikin ne yake so, ba ita ba. Na ce ɗan ciki ya yi haƙuri sai Asabar.

Wannan littafin yana cikin waɗanda mijina Hamdan ya bari bai rubuta komai a ciki ba, Allah ya jiƙansa. Ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma in ban fitar da maganar nan ba zan zuba wa yaran makarantar da nake dafa wa abinci gishiri a custard. Yau ma saura ƙiris.

Baffa Aziz, yayan Hamdan, ya yi ritaya daga shugabancin makaranta a Zariya, sai 'ya'yansa suka saya masa kwamfuta don ya daina takura wa mutanen gida. Ya koma takura wa duniya. Wata uku yana tattara tarihin gidan Mailafiya yana zubawa a wani shafin intanet na neman asali, irin wanda ake jera kakanni da jikoki reshe-reshe. Jiya ya turo shafin a group ɗin dangi, kowa yana ta sa masa albarka. Ni ma na danna don in ga hoton Hamdan.

Na ga hoton. Na gangara kaɗan na ga Teema, amma ba a ƙarƙashin sunana ya sa ta ba. Kuma ya ɗora hoton takardar haihuwarta ta asibitin Zariya, 1996, ana karanta komai tsaf: rana, nauyi, sunan uba, sunan uwa. A layin uwa ba sunana Fausia aka rubuta ba. Safura aka rubuta, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya.

Shekarar Teema ashirin da takwas. Ban taɓa faɗa mata ba.

Talata, 8 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Ba ta cikin group ɗin. Ta fita tun bara, ta ce saƙon murya ya yi mata yawa kuma tsofaffin suna Hausa da sauri. A lokacin na yi mata faɗa. Yau ina gode wa Allah da taurin kanta.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

A gida wannan ba ma magana ba ce. Wa da ƙane muka aura, ni Hamdan, Safura ƙaninsa Sa'idu. Na shekara takwas ban ko yi ɓatan wata ba. Safura ta haifi 'yar fari, ranar da aka yaye ta ta goyo ta har ɗakina, ta kwance zani ta ce, "Yaya, ga 'yarki." Ba ta ƙara ko kalma ba, ta juya. Kowa a gidan ya sani, kuma da mun zauna a Zariya da ita ma yarinyar ta tashi da sani, yadda duk 'yan riƙo suke tashi.

Amma bayan shekara ɗaya Hamdan ya samu karatu a nan London. Muka yi komai ta kotu muka taho da ita. A nan babu kishiyar uwa ko goggo ko maƙwabciya mai dogon baki da za ta ɓare maganar. Ran da ta nuna ni ga malamar nursery ta ce "my mum", na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na yi shiru. Hamdan ya ce mu faɗa mata in ta kai sha takwas. Ya rasu tana sha bakwai. Na ce sai ta gama jami'a. Na ce sai ta yi aure. Takardar ta ainihi tana cikin gwangwanin biskit a saman wardrobe ɗina, ƙarƙashin bargon da ba a amfani da shi.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Tun da Sallah Baffa ya yi mata tallar shafin nan a waya, ita kuma ta ce da zarar ta fara hutun haihuwa za ta shiga ta haɗa wa ɗanta littafin dangi. Hutun zai fara Juma'a, 25 ga wata. Ba na so 'yata ta ji wace ce ita daga bakin kwamfuta, tana zaune ita kaɗai da ciki wata takwas.

Laraba, 9 ga Oktoba, ƙarfe uku da rabi

Na kira Baffa. Gaisuwa kaɗai ta ci minti goma, sai da ya tambayi lafiyar har tukunyar makarantarmu. Da na zo kan maganar sai ya canja murya, ya koma hedimasta.

"Maman Teema, ni ƙarya na rubuta?"

"A'a, Baffa."

"To tarihi amana ne. A akwatin Sa'idu na samu kwafin takardar, ban ƙara ba ban rage ba."

"Baffa, yarinyar ba ta sani ba."

Sai ya ce, "Har yanzu? Ke da Hamdan me kuka yi shekara ashirin da biyar a can?" Ya ce zai duba, amma shi ɗorawa ya iya, bai koyi saukewa ba tukuna.

Yau ma ba ta gani ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Na duba shafin sau huɗu tun asuba, kamar mai duba tukunyar da aka ce kar a buɗe. Yana nan.

Asabar, 12 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je Peckham sayen daddawa, na biya shagon kitson Damaris. 'Yar Jos ce, tare muka yi aikin shara a shekarar farko da na zo ƙasar nan, kuma ita ta riƙe ni lokacin rasuwar Hamdan. Tana kallona ta ce, "Maman Teema, wa ya mutu?" Ta bar kan da take yi wa wata yarinyar shago, ta ja ni bayan labule inda suke ajiye gashi.

Na faɗa mata. Karo na farko da na faɗa wa wani a ƙasar nan da bakina. Na ɗauka za ta riƙe baki, sai kawai ta ce, "To ai ni ma kakata ce ta raine ni, sai da na yi wayo na san ba ita ta haife ni ba. Kawo wayar." Ashe ta san shafin, 'yan cocinsu suna amfani da shi. Ta ce ba daidai ba ne a ga wannan takardar, ai ƙa'idarsu mai rai ɓoye shi ake yi, matattu kaɗai ake buɗewa. Ta ɗora tabarau ta ja hoton sama da ƙasa, sai ta tsaya.

"Maman Teema, 'yarki ta mutu a 2009."

Na ce mata ta daina irin wannan wasan. Ta nuna min. Ƙarƙashin ranar haihuwa, ga ranar rasuwa, watan Yuni 2009. Ina gani na gane. Ranar da Goggo Fatimah ta rasu ce, yayar su Hamdan, wadda aka sa wa Teema sunanta. Fatimah Mailafiya biyu a gida ɗaya, Baffa ya ɗauki mutuwar babba ya ɗora wa ƙarama. Kwamfuta kuma ba ta san takwara ba. Tunda an ce mata yarinya ta mutu, sai ta buɗe wa duniya komai nata.

Ban san lokacin da na fara dariya ba, ina dariya hawaye na zuba. Damaris ta ba ni ruwa ta ce, "Wannan ai small thing ne, a yi correcting kawai." Na hau jirgin Overground jikina sakayau, har na sayi masara gasasshiya a Rye Lane na ci a hanya kamar yarinya.

Lahadi, 13 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Da na kira na faɗa masa, Baffa ya yi salati ya fi sau goma. "Na kashe yarinya da hannuna, tana da ciki." Duk hedimastancin ya zube. Damaris ta yi ta nuna masa ta waya inda zai danna, shi yana danna wani wuri daban, har ta fara yi masa Hausar Jos mai zafi. A ƙarshe dai ya goge ranar rasuwar, ya sauke takardar. Na duba reshensa da idona, babu ita.

Na yi nafila raka'a biyu. Na dafa tuwon semo da miyar kuka, na ci na ƙara.

Teema ta zo karɓar yajinta. Ƙafafunta sun kumbura, na zaunar da ita na matsa mata da man zaitun. Ta ce, "Mum, you look happy." Na ce barci na samu. Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na rubuta sunanta a wurin bincike don in ƙara jin daɗi. Takardar ta fito.

Litinin, bayan magariba

Damaris ta yi min bayani. A cikin wata ukun nan, mutum huɗu sun kwafe ta zuwa nasu rassan, har da ranar mutuwar. Biyu dangin Zariya ne na nesa. Ɗaya wata mata ce da ban taɓa jin sunanta ba. Ɗaya wani mutum ne a Kanada da ke tattara duk wani Mailafiya na duniya, ko ya haɗa jini da shi ko bai haɗa ba. Har ya rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙan yarinya, ta tafi da ƙuruciya.

Takardar da na ɓoye wa 'yata a ƙarƙashin bargo, ga wani ƙato a Kanada yana karantawa yana shan shayi. Ya san nauyinta ranar da aka haife ta. Ita ba ta sani ba. Abin ya ƙona min rai, kuma ban san wa zan fi jin haushi ba, shi, ko Baffa, ko ni.

Mun rubuta wa masu shafin. Damaris ta yi Turancin, ni na yi fushin.

Laraba, 16 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na safe

Shiru daga masu shafin. Ita ma shiru, sai hoton gadon jariri da ta turo min. Yau ma ba ta gani ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Sun amsa, da ladabi kamar masu ba da haƙuri a gidan makoki. Sun ce za su iya rufe bayanan a ko'ina cikin shafin, har na waɗanda suka kwafa, amma sai an tabbatar musu mutumin yana da rai. Kuma tunda ta wuce shekara sha takwas, ita da kanta za ta nema, da hoton fasfonta. Uwa ba za ta nema mata ba.

Wato lokacin da za a baje ta ba wanda ya tambaye ta, yanzu da za a rufe ta ne aka tuna tana da haƙƙi.

Juma'a, 18 ga Oktoba, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na kira Safura. Kamar kullum ta fara da, "Yaya, ya mai cikin?" Haka take. Da can "ya 'yar makarantar", daga baya "ya amaryar", yanzu "mai cikin". Kunyar 'yar fari, irin ta mutanen da. Ni kuwa tun a Zariya ake cewa ba ni da ta ido, don ina ƙwala wa yarinyar kira tun daga zaure.

Na faɗa mata halin da ake ciki. Na ɗauka za ta ba ni shawara, ko ta yi min faɗa, ko ta ce lokaci ya yi. Ta ce, "Yaya, 'yarki ce. Yadda kika yi daidai ne." Na ce ba na son daidai, shawara nake so. Ta ce ana kiran sallah a wurinsu. Na duba agogo, babu wata sallah a lokacin.

Lahadi, 20 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta wannan don in ga munin sa da idona. Teema ta zo, ta kwanta a kujera barci ya ɗauke ta. Jakarta tana kan tebur, kuma na san fasfonta yana ciki tare da takardun asibiti. Na zuge jakar a hankali, na fito da shi, na ɗauki hoto. Nufina in tura wa masu shafin da sunanta, a rufe komai, ita ba ta ji ba ba ta gani ba.

Na shiga kicin da wayar a hannu. Ina kallon hoton sai na ga ai abin da Baffa ya yi ne nake yi. Shi ya buɗe akwatin Sa'idu, ni na buɗe jakar 'yata, kowa da kyakkyawar niyyarsa, kuma ba wanda ya tambaye ta. Shi ma ya fi ni, don shi bai yi a ɓoye ba. Na goge hoton. Da ta farka na ba ta kunun gyaɗa, ban iya haɗa ido da ita ba.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Saura kwana uku. Na sauko da gwangwanin, na goge masa ƙura, na mayar.

Laraba, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Damaris ta kira ta ce, "Ki yi booking ɗin rana ki faɗa mata, kamar yadda ake yi da likitan haƙori. In kin jira sai kin ji daɗin yi, ba za ki yi ba." Na tura wa Teema saƙo ta zo gobe bayan aiki, ita kaɗai. Ta amsa da hoton babban yatsa.

Abin da nake tsoro ba fushinta ba ne, in ta yi fushi tana da gaskiya. Ina tsoron ta kalle ni ta ce Anti.

Alhamis, 24 ga Oktoba, ƙarfe shida na safe

Yau ma ba ta gani ba. Yau ni zan nuna mata.

Juma'a, 25 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ban je aiki ba, na ce musu ba ni da lafiya, alhali rabon da in ji lafiya irin ta yau an daɗe. Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Jiya ta zo ƙarfe biyar. Na ajiye gwangwanin a kan tebur tsakaninmu. Na shirya magana tun safe, da farko da tsakiya da ƙarshe, amma da na buɗe baki sai na ji ina ba ta labarin yadda ake yaye a Zariya. Ta bar ni na yi ta zagaye. Daga baya na gaji da kaina, na buɗe gwangwanin na miƙa mata takardar, na sunkuyar da kai ina kallon kafet.

Na ji ta buɗe. Na ji ta ninke. Sai ta ce, "Mama, na sani."

Na ce ta shiga shafin ke nan. Ta ce wane shafi? Ta ma manta da tallar da Baffa ya yi mata, ba ta leƙa shi ba tukuna. Ta ce, "Tun ina sixteen. Lokacin da mun je Zariya."

Ta ba ni labarin, rabi da Hausarta ta London rabi da Turanci. A wannan zuwan ne ta ga wata amaryar gidan tana kiran ɗanta "kai wannan", ta tambaya me ya sa, matan gida suka yi mata dariya suka ce ai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ita kuma ta ɗauki abin da muhimmanci irin na 'yan makarantar nan, ta fara lura da kowa. Sai ta ga Anti Safura tana kiran babban ɗanta da sunansa gatsau, har da ƙwala masa kira daga kicin. Amma sati uku a gidan, ba ta taɓa cewa Teema ba. In za ta ba ta abinci sai ta ce wa wani, miƙa wa baƙuwar. In sun haɗa ido sai ta kau da kai. Ni kuma, wadda aka ce ni na haife ta, ina kiran sunan tun daga safe har dare ba ko kunya.

"So I asked Baba," in ji ta. A filin jirgi ta tambaye shi, ina can ina rigima da masu awon kaya. Bai musa ba. Ya ce mata gaskiya ne, amma maganar ta Mamanki ce, ki bari ta faɗa miki da bakinta, kar ki ƙwace mata.

Na ce, "Shekara goma sha biyu, Teema?"

Ta ce, "Ina jiran ki ne. Kin yi slow, Mama."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Hamdan. Na ji haushinsa, na ji kewarsa, na ji kunyar yarinyar nan da ta riƙe min sirrina tana kallona ina ɓoye mata shi. Na tambaye ta abin da ke raina kai tsaye, yanzu me za ta riƙa kirana. Ta kalle ni kamar na tambaye ta hanyar gidanmu. Ta ce, "Mama, ƙafana yana ciwo, ina man zaitun?"

Na matsa mata ƙafa har mijinta ya zo ɗaukar ta.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na yi barci har rana ta fito. Ban duba shafin ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Fushin da na yi ta jira ya zo, amma ba a kaina ya sauka ba. Na nuna mata shafin. Da ta ga an kashe ta a 2009 ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta ga takardar, da sunan mutumin Kanada, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce ranar haihuwarta, garin da aka haife ta, sunan uwa, ai su ne tambayoyin da banki ke yi kafin ya yarda kai ne kai. Ta ce ko ba banki, wannan labarinta ne, ita ta yi shekara goma sha biyu ba ta faɗa wa ko mijinta ba don tana jirana, sai ga shi a buɗe ga duk mai waya. "Nobody asked me," ta faɗa ya fi sau uku.

Na gaya mata abin da na yi da jakarta ranar Lahadi. Gara a gama wankin gaba ɗaya. Ta ce ta ji daɗi da na goge. Ba ta ce ba komai ba, ni ma ban nemi ta ce ba.

Ta ɗauki hoton kanta riƙe da fasfo, ta tabbatar cikin ya fito a hoton, ta tura musu. Ta ce in wannan bai isa shaidar rai ba, su jira wata ɗaya ta turo musu shaida mai kuka.

Lahadi, 27 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ta kira Baffa da kanta. Ya fara ba da haƙuri tun kafin ta gama gaisuwa. Ta ce ta yafe, amma da sharaɗi, duk mai rai da ke cikin reshensa sai ya kira shi ya tambaye shi, wanda bai yarda ba a cire. Ya ce mutum ɗari da sha ɗaya ne. Ta ce ai ya yi ritaya.

Laraba, 30 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Teema ta ce in haɗa ta da Safura ta bidiyo. Muka zauna a kujera ɗaya, wayar a jingine da gwangwanin biskit, tunda yanzu ba shi da wani aiki.

Safura ta fito da mayafi har goshi. Ta gaishe ni, ta ce, "Ya mai jikin?" tana kallon gefe. Teema ta gyara zama ta haɗa Hausarta kaf.

"Anti, na sani. Na gode da kika ba ni Mama. Abu ɗaya nake so. Ki kira sunana, sau ɗaya kawai."

Safura ta ja mayafi ta rufe fuska. Muna jin ta tana dariya, daga baya muka gane ba dariya kaɗai ba ce. Na ce, "Safura, yarinya ta roƙe ki." Da ta buɗe fuskar idonta ya yi ja, kuma karo na farko a rayuwata na ga ta kalli yarinyar ido cikin ido.

Ta ce, "Yaya, ranar da na kawo miki ita har da sunan na ba ki. Ke kira min, ina ji."

Na kira. Teema ta amsa, "Na'am." Safura ta gyaɗa kai ta ce Allah ya sauke ta lafiya, sai ta ce ana kiran sallah. Wannan karon da gaske ne, muna jin ladanin.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Sun rufe. Na duba reshen Baffa, na duba na mutumin Kanada, na duba sauran ukun. Babu takarda, babu rana, babu gari. Inda take sai wani ɗan akwati fari da kalma ɗaya ta Turanci da ke nufin tana da rai. Ko sunanta babu. Na tura wa Damaris hoton, ta ce to, shafin ma ya koyi kunya irin ta Safura.

Teema ta zo ɗazu karɓar sauran yajin. Ta sauka, ta kai bakin titi, sai na ga ta bar lemarta a bayan ƙofa kuma an fara yayyafi. Ina da waya a hannu, da na iya kiranta a hankali. Na buɗe tagar hawa na uku na ƙwala mata kira yadda na saba, har Baturken da ke shagon ƙasa ya ɗago kai.

Ta juyo.